Kabon-14 da Iyakarsa Wajen Auna Shekarun Duwatsu

Hanyar auna shekarun kayan tarihi da sinadarin kabon-14, wadda masanin sinadarai Willard Libby na Jami'ar Chicago ta Amurka ya bayyana a 1949 kuma ta jawo masa kyautar Nobel a 1960, ta dogara ne a kan cewa duk mai rai yana ɗibar kabon daga muhallinsa muddin yana raye. Can a ƙololuwar sararin sama, haskoki masu ƙarfi da ke fitowa daga wajen duniya suna sa wasu ƙwayoyin naitirojin su rikiɗe su zama kabon-14, wato nau'in kabon da ba ya tabbata a kan siffarsa, sai ya gauraya da iska, tsirrai su shaƙe shi, dabbobi da mutane kuma su same shi ta hanyar abinci. Yawansa bai taka kara ya karya ba, domin bai wuce ƙwaya ɗaya cikin kimanin tiriliyan ɗaya na ƙwayoyin kabon ba.

Da zarar rai ya fita, sabon kabon ya daina shiga jiki, wanda ke ciki kuma ya ci gaba da komawa naitirojin bisa ƙa'ida tabbatacciya: cikin kowace shekara 5,730 rabinsa kan tafi, cikin wasu shekarun kamar haka rabin abin da ya saura ya bi baya. Saboda haka idan aka auna abin da ya rage a cikin gawayi, ƙashi, fata ko itace, za a iya ƙiyasta lokacin mutuwar mai shi. Da wannan hanya aka gano cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a yankin da ke Jihar Yobe a yau, ya kai kimanin shekara 8,000, kodayake abin da awon ya nuna shi ne shekarun itacen da aka sassaƙa, ba ranar da masassaƙi ya ɗauki gizagonsa ba. Kuma tun da yawan kabon-14 a iska ya sha hawa da sauka a tarihi, masana kan daidaita sakamakonsu da zoben da bishiyoyi ke ƙarawa a jikinsu kowace shekara.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne zaton cewa da kabon-14 ake sanin shekarun duwatsu. Dutsen da ya samu daga narkakken dutse da ya daskare bai taɓa numfashi ko cin abinci ba, don haka ba shi da ranar mutuwa da za a fara lissafi daga gare ta. Ko dutsen farar ƙasa da kwal irin na Enugu, waɗanda asalinsu halittu ne, sun daɗe da rabuwa da kabon-14 ɗinsu, domin bayan kimanin shekara 50,000 abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da ɗan gurɓata kaɗan zai iya ɓata sakamakon gaba ɗaya. Wanda ya kai irin wannan dutse ɗakin gwaji ya dawo da lamba, to gurɓatar ya auna.

Don auna shekarun duwatsu, masana ilimin ƙasa kan nemi sinadarai masu jinkirin lalacewa. Yuraniyom-238 yana ɗaukar kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya zama dalma, fotasiyom-40 kuma kimanin biliyan 1.25 kafin rabinsa ya lalace. Da hanyar yuraniyom da dalma aka auna ƙananan ƙwayoyin ma'adinin zakon na tsaunukan Jack Hills a Ostareliya, aka tarar wasunsu sun kai shekara biliyan 4.4.