RAGE WA WAYA KAYA: A CIRE NE, KO KUWA KADA A ɗORA TUN FARKO?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Sasa, cikin ƙaramar hukumar Akinyele ta Ibadan, ya ga yadda ake sauke albasa da tumatir daga motocin Arewa, ya san ɗaurin kaya ma ilmi ne. Wanda ya zare buhun ƙasa bai dubi na sama ba, lodi ya rushe masa.

To, irin wannan ce ke samun masu gyaran waya, daga Sasa har Sabo, unguwar da Hausawa suka zauna tun 1916. Ɗan kasuwa zai kawo waya yana kukan ta cika, alhali rabin manhajojin da ke ciki bai taɓa buɗe su ba, da su ya saye ta. Dalili kuwa shi ne, masu ƙera waya sukan haɗa Android da sauran manhajoji dunƙule guda, su ɗura a wani sashe wanda mai waya ba shi da ikon gogewa.

Hanyoyi uku ne a gaban mai gyara. Ta farko ita ce a kashe manhajar ta daina aiki, amma tana nan kwance, ba ta ba da fili sosai ba. Ta biyu, a haɗa wayar da kwamfuta a kawar da manhajar daga idon mai ita, sai dai ran da aka mai da wayar yadda ta fito daga kamfani, za ta dawo. Ta uku ita ce a sāke dunƙulen baki ɗaya, watau abin da ake kira filashin. Nan ne hatsarin yake, domin buɗe makullin wayar yana share duk abin da ke cikinta, sa'an nan wasu manhajojin banki sukan ƙi aiki daga baya. Ga mutumin da cinikinsa ya dogara ga tura kuɗi Kano ko Sakkwato, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Masu haɗa Linux don kwamfuta sun daɗe da sanin wannan. A Debian, wadda aka fara a 1993, kowane ƙunshin manhaja yana ɗauke da sunayen waɗanda ya dogara gare su, saboda haka cire guda ɗaya yakan ja wasu da yawa su bi shi. Shi ya sa gwanaye da dama suka fi son farawa da ɗan ƙaramin tushe, su riƙa ƙara abin da ake bukata kaɗai. Kamfanin Google ma ya bi kusan wannan ra'ayi a 2017, da ya fito da Android Go don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. Ita kuwa Koriya ta Kudu, tun 2014 ta umarci kamfanoni su bar mai waya ya iya goge yawancin manhajojin da aka ɗora masa.

Saboda haka muna jan hankalin mai karatu: kafin ka miƙa wayarka, ka kwashe lambobinka, ka tambayi mai gyara wace hanya zai bi, da kuma inda ya samo abin da zai ɗura maka. In kashewa ta wadatar, a tsaya nan. Rigakafi dai ya fi magani.