Jego da Hutun Haihuwa: Nazarin Wasu Kalmomin Aiki a Kasuwar Shanu ta Potiskum

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da aikin gwamnati da gidajen rediyo suka shigo da su cikin Hausa akwai "hutun haihuwa", wato lokacin da doka ta ba mace ma'aikaciya ta bar wurin aiki saboda haihuwa ba tare da ta rasa gurbinta ba. Kalmar ta zauna daram a bakin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na sakatariya. Sai dai tun kafin zuwanta Bahaushe yana da tasa kalmar, wato "jego", wadda ita ma take nuni ga lokacin da mace ke ajiye aiki bayan ta sauka. Manufar wannan muƙala ita ce ta kwatanta waɗannan kalmomi biyu ta fuskar ma'ana da yadda suke shiga jimla, sannan ta nuna irin matsalar da mai fassara ke cin karo da ita idan ya zo mayar da dokar ƙwadago zuwa Hausa. An ɗauki Kasuwar Shanu ta Potiskum a matsayin madubi, domin wuri ne da mata ke neman abinci da guminsu, amma kaɗan ne daga cikinsu za a iya kira "ma'aikata" a ma'anar da doka ta sani.

2.0 Kasuwar da Matanta

Potiskum tana cikin Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1991. Gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa, kuma harsunan nan uku dangin Hausa ne a rukunin Cadi. Duk da haka, Hausa ce harshen ciniki tsakaninsu da Fulani da Barebari da fataken kudu. Kasuwar shanun garin, wadda ke cika ranar Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma daga nan ake lodin shanu a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan.

Cinikin dabba kansa na maza ne: dillalai, da fatoma, da 'yan kamasho, da mahauta, da 'yan lodi. Mata suna gefen kara. Su ne masu tuwo da shinkafa, da masu ƙosai da kunu, da Fulani masu fura da nono. A ƙarƙashin masu abinci kuma akwai wani rukunin da ba a cika lura da shi ba, wato 'yan wanke-wanke da masu tuƙi da masu kai kwano, waɗanda ake biya kullum da yamma. Wannan rukuni na ƙarshe shi ya fi shafar zancenmu.

3.0 Jego

Jego hali ne da mace ke shiga da zarar ta haihu, kuma yana da kalmomi da dama da ke kewaye da shi. Akwai "wankan jego" (a wasu wurare a ce "biƙi"), wato wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma. Akwai kunun kanwa da gasasshen nama da yaji. Akwai "ƙauri", wato ƙafafuwan sa da ake dafa wa mai jego 'yan kwanaki bayan haihuwa, sai kuma ragon suna a rana ta bakwai. Ke nan ko ta wannan fuska jego yana da alaƙa da kara, domin a can miji zai nemo ƙaurin da ragon. Idan haihuwar fari ce, akan mayar da yarinya gidan iyayenta tun ciki ya tsufa, abin da ake kira "goyon ciki", ko kuma ta tafi "wanka" bayan suna. Ƙarshen al'amarin shi ne "arba'in", inda mai jego za ta yi kitso da lalle ta fita zaga dangi.

Abin lura a nan shi ne, kwana 40 ɗin nan ba daga mazhabar Malikiyya aka samo shi kai tsaye ba, domin a wurin Malikawa iyakar jinin haihuwa kwana 60 ne, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. Hanafawa da Hambalawa ne suka tsaya a kan 40. Amma al'ada ta riƙe arba'in, har kalmar ta zama sunan lokacin kansa, a ce "ta yi arba'in" ba tare da an ambaci kwana ba.

Ba kuma dukkan abin da ke cikin jego ne likitoci suka yarda da shi ba. Binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da shan kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai zafi. Wannan zance ne na wani fagen daban. Abin da ya dame mu shi ne, jego ya haramta wa mace aiki mai nauyi, kuma ya ɗora aikin a kan wasu: uwa, ko kaka, ko ƙanwa, ko kishiya.

4.0 Abin da Doka ta Tanada

Tushen hutun haihuwa na zamani shi ne Yarjejeniya ta 3 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1919, wadda ta tanadi mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Yarjejeniya ta 183, ta shekarar 2000, ta ɗaga adadin zuwa mako 14. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, wadda aka sake bugawa cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta tsaya a kan tsohon ma'auni. Sashe na 54 ya ba mace damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ta aiki cikin mako 6 bayan haihuwa. Idan ta yi wata 6 a jere tana aiki a wurin, za a biya ta abin da bai gaza rabin ladanta ba. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. Haka kuma ba a yarda a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu ba.

Ma'aikatan gwamnati sun fi haka samu. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ba da mako 16 da cikakken albashi. Jihar Legas ta kai hutun wata 6 a 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019, bisa la'akari da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a shayar da jariri nono zalla na wata 6. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da kwana 14 ga mazan da matansu suka haihu.

Mako 6 na bayan haihuwa kwana 42 ne, wato arba'in da kwana biyu. A nan doka da al'ada sun yi kusan daidaituwa. Inda suka rabu shi ne mako 6 na farko. Ban da goyon ciki na haihuwar fari, al'ada ba ta san mace ta ajiye aiki kafin naƙuda ba, kuma sharaɗin takardar likita yana bukatar ta bayyana cikin da lokacinsa ga wanda ba danginta ba. Harshen kansa yana nuna nauyin wannan: a maimakon a ce tana da ciki, sai a ce tana da "juna biyu", a maimakon ta haihu, sai a ce "ta sauka".

5.0 "Hutu" da "Jego" a Cikin Jimla

Bambancin kalmomin biyu ya fi fitowa idan aka dubi aikatau ɗin da kowace ke tafiya da shi. A dubi waɗannan misalai:

(1) An ba ta hutun haihuwa.
(2) Ta nemi hutun haihuwa, an hana ta.
(3) Hutunta ya ƙare, ta koma aiki.
(4) Tana jego.
(5) *An ba ta jego.
(6) *Ta nemi jego, an hana ta.

Jimloli na (5) da (6) ba karɓaɓɓu ba ne. Dalili kuwa shi ne "hutu" a wannan ma'ana abu ne da ke hannun wani, ana nemansa, ana bayarwa, ana ɗauka, ana hanawa, ana ƙarawa. Kalmar tana ɗauke da mai iko a ɓoye, ko da ba a ambace shi ba. Shi kuwa "jego" hali ne, kamar takaba ko azumi, ana "yin" sa ko a kasance "cikin" sa, ba a karɓo shi daga kowa. Saboda haka mai tuwo da ta rufe rumfarta ta haihu ba za ta ce ta ɗauki hutu ba. Idan abokin ciniki ya tambaya, abin da zai ji shi ne "ai ta sauka, sai ta yi arba'in".

Bugu da ƙari, "hutu" yana da wata inuwar ma'ana ta jin daɗi da wadata, kamar a "ɗan hutu" ko "gidan hutu". Ga macen da ke tashi da asuba ta hura wutar ruwan wanka, ta kwana raino, kiran wannan lokaci "hutu" yana iya zama kamar ba'a. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa kalmar ta maƙale a ofis, ba ta sauko kasuwa ba.

6.0 Wace ce "Ma'aikaciya"?

Matsala mafi girma tana ga kalmar "aiki" da 'ya'yanta. Hausar yau ta keɓe "ma'aikaci" da "ma'aikaciya" ga mai albashin wata a gwamnati ko kamfani. Mai sayar da abinci "mai sana'a" ce. Wadda take yi mata wanke-wanke "'yar aiki" ce, ko a ce tana "aikatau". Wanda ake ɗauka a yini a biya shi yana "ƙwadago". Abin da ma'aikaciya ke karɓa "albashi" ne, na 'yar aiki kuwa "lada" ne ko "kuɗin aiki".

Sashe na 91 na dokar bai bi wannan rabe-rabe ba, hasali ma ya kusa juya shi. Wanda dokar ke karewa shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu, ko da yarjejeniyar da baki aka yi ta. Ta fitar da manyan jami'ai da ƙwararru daga ciki, waɗanda su ne Bahaushe zai fara kira ma'aikata. A zahirin lafazin doka, ke nan, 'yar wanke-wanken rumfar abinci a bakin kara ta fi wata shugabar sashe a banki cancantar shiga ƙarƙashin sashe na 54. Amma idan mai fassara ya rubuta cewa "kowace ma'aikaciya tana da haƙƙin hutun haihuwa", 'yar wanke-wanken za ta saurara a rediyo ta ɗauka da wasu ake.

Sai dai dokar ta fitar da wasu rukunai biyu da suka shafi kasuwa ƙwarai. Na farko, iyalin mai wurin aiki. Na biyu, wanda ake kai wa kaya gida ya sarrafa ya dawo da su, wanda ya yi kama da matan kulle da ake kai wa surfe ko ɓarar gyaɗa. A rumfar abinci kuwa da wuya a raba dangi da 'yan aiki, domin dangantakar da kalmomin zumunta ake faɗarta. Mai rumfa "uwar ɗaki" ce ko "Inna" ko "Hajiya", masu yi mata aiki kuma "yarana" ne, ko da sun haifi 'ya'ya biyar. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da wanda doka ta ɗora wa biyan rabin lada. "Ubangida" da "uwar ɗaki" suna ɗauke da ma'anar kyautatawa da biyayya, wato abin da suka bayar alheri ne da ake godiya a kansa. "Mai ɗaukar aiki" ƙirƙira ce ta masu fassara, ba a jin ta a kasuwa. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne idan aka tuna cewa alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna wajen tsarin albashi da takarda.

7.0 Wa Zai Biya?

A tsarin jego, nauyin ciyar da mai haihuwa yana kan miji da dangi, sai kuma abin da ya shigo ta barka da biki da adashi. Nauyin a rarrabe yake, kowa ya ɗauki kaɗan, kuma bashi ne da za a rama wata rana. Dokar Nijeriya ta tattara shi a kan mutum ɗaya. A ɗauka, alal misali, mai tuwo tana biyan 'yar aikinta naira 1,500 a yini, kwana 6 a mako. Rabin ladan mako 12 zai kama naira 54,000, ga kuma ladan wadda za ta maye gurbin. Mai rumfar da ribarta ta dogara ga cinikin Laraba za ta ga ya fi mata sauƙi ta kai atamfa da sabulu ranar suna, ta ɗauki wata yarinyar.

Yarjejeniya ta 183 ta hango wannan, shi ya sa ta nemi a riƙa biyan kuɗin daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmali. Nijeriya ba ta rattaba hannu a kanta ba. Jamhuriyar Nijar, wadda Jihar Yobe ke iyaka da ita, ta amince da ita a 2019, dokarta ta ƙwadago ta ba da mako 14, kuma asusun CNSS yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Ko a can ma, wadda aka yi wa rajista ce kawai ke amfana.

Akwai kalma ɗaya da ya kamata mai fassara sashe na 54 ya yi hattara da ita, wato "sallama". A dubi wannan jimla:

(7) Da ta haihu aka sallame ta.

Jimlar tana iya nufin asibiti ya ba ta izinin komawa gida. Tana iya nufin uwar ɗakinta ta biya ta haƙƙinta. Tana kuma iya nufin an raba ta da aikin. A rumfar da ake biya kullum da yamma, ma'ana ta biyu da ta uku sukan haɗu a lokaci guda, domin sallamar ranar ƙarshe ita ce rabuwar, ba tare da wani ya furta kora ba. Idan aka fassara dokar da cewa "an hana sallamar mai jego", mai sauraro zai iya fahimtar an hana biyanta ne, wato kishiyar abin da ake nufi. A wannan gurbi "kora daga aiki" ita ce ta dace, ko da tana da kaushi a kunne, sannan a ƙara da cewa gurbinta yana nan har ta dawo.