Injin da ya kusa cinye mana jari a Suame

Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa a Kumasi, ban taɓa riƙe sifana don neman abinci ba. Ƙanena ne ke da ɗan shagon sassaƙa ƙarfe a Suame Magazine, unguwar nan ta makanikai da 'yan walda. Ya daɗe yana fama da tsohon injin da ake murzawa da hannu. Da ya ƙudurta sayen injin CNC, wanda kwamfuta ke tuƙawa ya fafe ƙarfe daidai da zane, sai aka ɗora mini nemowa tunda ina zuwa Guangzhou saro kaya. Kuɗin kuwa na gida ne: nasa, da nawa, da adashin matarsa.

Na farko da na gani a intanet arharsa ta ɗauke mini hankali. Na tura masa hoto, ya kira ni yana dariya. "Haba Yaya, wannan ai na katako da roba ne. Ka ɗora masa baƙin ƙarfe ka ga yadda zai yi ta kakkarwa kamar mai masassara." Ashe a wannan sana'a nauyi ba aibi ba ne. Gangar jiki ta ƙarfen zubi ita ke shanye girgiza, girgiza kuma ita ke ɓata awo ta karya haƙorin yanka. Sai ya sa na auna kayan da aka fi kawo masa, su mazaunin famfo da farantan haɗa bututu. Duk ba su kai santimita 50 ba, don haka muka tsaya kan samfurin VMC 650 mai nauyin kusan tan 3, muka haƙura da 850 da dillali ke ta tura mini.

Sai maganar wuta. Akwai ƙananan injuna irin Tormach na Amurka masu aiki da wutar gida, amma wutar can sau 60 take bugawa a daƙiƙa, tamu a Gana sau 50, dole mutum ya tambaya kafin ya biya. Namu wuta mai layi uku yake ci. Wanda ya san dumsor kuma ya san ba a jona irin wannan inji babu sitabilaiza. Ga kwamfuresa, don da iska yake sauya haƙori.

Inda muka fi jan musu shi ne ƙwaƙwalwar injin. Akwai Fanuc ta Japan da Siemens ta Jamus, masu tsada, akwai Syntec ta Taiwan da GSK ta nan Guangzhou. Ni dai arha nake bi, halin ɗan kasuwa. Shi kuwa tambayarsa ɗaya: in allon ya mutu ranar Laraba, wa zai tashe shi kafin Juma'a? Sai da ya samo mai gyaran da ya saba da GSK kafin ya ce in biya. Ya kuma nace a kan bakin BT40, saboda mariƙan haƙoransa ba su da wuyar samu.

Kuskuren nawa ne, ba zan ɓoye ba. Farashin da na rubuto kuɗin kai inji bakin jirgin ruwa ne kawai. Ban lissafa kuɗin jirgi da kwastan a Tema ba, da motar da za ta ja shi fiye da kilomita 250 zuwa Kumasi, da injin ɗaga kaya, da fasa ƙofar shago, da sabon daɓen kankare. Haƙoran yanka, da abin danne ƙarfe, da ruwan sanyaya, duk daban ake saye. Da muka haɗa, ƙarin ya kusa rabin kuɗin injin.

Wata biyu yana zaune cikin leda, matar ƙanena na gaishe ni da kyar. Sai da na karyar da dila biyu na shadda muka sayi haƙora. Yanzu yana aiki, yaron shagon ma ya fara koyon zane a kwamfuta. Kuɗin adashi muka fara mayarwa, nawa an ce in jira bayan Babbar Sallah.