Zaftarewar Gaɓa a Batsari da Safana, da Misalin Dusar Ƙanƙara

Ƙanƙara a wurin Bahaushe ita ce ƙwayoyin nan masu tauri da kan faɗo tare da ruwan farko. Wadda ke sauka a duwatsun Turai kuwa laushi gare ta kamar gari, shi ya sa aka raɗa mata suna dusar ƙanƙara. Ba mu da ita a ƙasar Katsina, amma yadda take kisa ba baƙon abu ba ne a gare mu.

Dusar nan ba a rana ɗaya take taruwa ba. Hawa-hawa take kwanciya, kowane hawa da irin ƙwarinsa. Idan mai ƙwari ya hau kan mai rauni a gangare mai digiri 30 zuwa 45, to, nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle shi. Daga Maris zuwa Mayu haɗarin yakan sake kama: rana ta narkar da sama, ruwa ya tsiyaya ciki ya saki abin da ke riƙe da hawan, da dare kuma sanyi ya sake daskarar da shi. Saboda haka masu hawan duwatsu sukan yi sammako, su sauko kafin rana ta take. Tun 1936 ake nazarin wannan al'amari a Davos ta ƙasar Suwizalan, kuma binciken masana ya nuna cewa mutum 9 cikin 10 sukan rayu in an tono su cikin minti 15, amma bayan minti 35 sai kamar kashi ɗaya cikin uku.

To, mu dubi rafukan yashi na Batsari da Safana, da kududdufan da ake haƙar ƙasar gini. Gaɓa ma hawa-hawa ce. Sau da yawa ƙasa mai tauri ce a sama, rairayi a ƙarƙashi, kuma mai haƙa, da yake ba ya son wahalar banza, sai ya bi mai laushin yana rarakewa duk tsawon rani. Ruwan farko na sauka a Mayu ko Yuni, sama ta sha ta yi nauyi, alhali ƙarƙashinta babu komai. Saran itatuwa a dajin Rugu ya ƙara dagula lissafin, domin ruwan da saiwa ba ta tare ba da gudu yake isa rafi. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ta nuna ƙarfin irin wannan ruwa.

A ganina, inda ma'aikatan ƙananan hukumomi suka fi sakaci shi ne wajen sanar da alamu: tsagewa a bisa gaɓa, yashi na zubowa shi kaɗai, itace ya karkata. Ƙasa kuwa ta fi dusar ƙanƙara nauyi nesa ba kusa ba, watau minti 15 ɗin nan ma ba lalle ne wanda ta danne ya same su ba. Waɗanda ke wurin su ne za su fara tono, ta wajen kai, a aika wani ya kira taimako.