Gashin Ido Na Kanti: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya jima a Kurmi bai leƙa gida ba, ran da ya zo biki Kano ko Kaduna ko Sakkwato zai ga sabon abu a fuskar amare. Ban da lalle da dilka da turaren wuta da muka gada, yanzu ba a cewa amarya ta haɗu sai mai kwalliya ta zo da akwatinta ta manna mata gashin ido na kanti, dogo, baƙi wuluk, wani har ya kusa taɓo gira. Daga amare abin ya gangaro kan ƙawaye, daga nan sai 'yan makaranta. Kayan kuwa da yawansu ta wajenku suke biyowa, a sauke su a Ikko, a kasa su a kasuwar Balogun ko a Anacha, sa'an nan su hau mota zuwa Arewa. Wasunku ma su kan sayo su tsaraba.

To, kafin a sake sayowa, ya kamata a san aikin gashin da Allah ya halicce mu da shi. Likitocin ido sun ce fatar ido ta sama tana ɗauke da gashi kamar 90 zuwa 160, ta ƙasa kuwa kamar 75 zuwa 80. Mai gadin ido ne, da ƙura ko ƙwaro ya taɓa shi sai ido ya ƙifta tun mutum bai ankara ba. A shekarar 2015 wasu masana a jihar Jojiya ta ƙasar Amurka sun auna idanun dabbobi iri 22, suka tarar tsawon gashin idonsu ya kan tsaya wajen sulusin faɗin idon. Da suka gwada da iska sai suka ga a wannan tsawon ne ido ya fi tsira daga bushewa da ƙura. In ya wuce haka sai ya koma kamar mazurari, yana jawo iskar cikin ido. Mai karatu ya tuna hunturun Kano, ya ga abin da ke nan.

Shi dai wannan ado ba yau aka fara shi ba. Wata mace 'yar Kanada, Anna Taylor, ta yi rajistar irin nata a Amurka tun 1911. A 1916 wani mai shirya sinima, D. W. Griffith, ya sa aka manna wa 'yar wasansa Seena Owen gashin mutum a fatar ido, kuma an ce da kumburarrun idanu ta ƙare. Yau manyan masana'antunsa suna Pingdu ta ƙasar Sin da Purbalingga ta Indunusiya, galibi da zaren roba ake yin sa.

Iri biyu ne ake yayi. Akwai mai jere, wanda ake manna shi gaba ɗaya a bakin fatar ido, a cire da dare. Akwai kuma na ɗaiɗaya, wanda ake ɗauka da hantsaki a liƙa wa kowane gashi nasa, a yi makonni da shi ana kwana ana tashi. A duka biyun, inda gizo ke saƙar shi ne gam. Na mai jere yawanci da ƙaron roba ake haɗa shi, kuma akwai jikin da ba ya shiri da roba sam. Na ɗaiɗaya kuwa ɗan'uwan sufa-gulu ne, dangi guda suke, tururinsa kaɗai ya isa ya sa ido ja da yaji da hawaye. Wannan fa gam ɗin da aka yi domin ido ke nan. Ina ga wadda don neman sauƙi ta ɗauko baƙin gam na manna gashin kai, ko sufa-gulun gyaran takalmi, ta kai bakin idon 'yar mutane? Ana yi, kuma a ganina wannan ya wuce ganganci, zalunci ne, domin wadda ta zauna ta rufe ido ba ta ga abin da aka buɗe ba.

Ko gam ya yi kyau, akwai nauyi. Siririn gashi da aka ɗora wa wanda ya ninka shi tsawo ya kan karye ko ya tsige tun lokacinsa bai yi ba. Wanda ya faɗi ya kan ɗauki kamar mako 6 zuwa 8 kafin ya dawo, amma in ana ta maimaita tsigewar, saiwar ta kan gaji, wani wurin ya zauna fili. Nan ne tarkon yake: da ta ga nata ya yi ƙaranci sai ta ji kunyar fita haka, ta koma a sake manna mata, abin ya ƙara lalacewa. Ga shi mai gashin kanti ta kan ji tsoron wanke ido sosai kada kuɗinta ya bi ruwa, sai maiƙo da datti su taru a gindin gashin, bakin fatar ya kumbura, hazbiya ta fito. Ranar biki kuma hantsaki ɗaya da buroshi ɗaya su ne za su zagaye amarya da ƙawaye goma. Ciwon idon nan da ake kira Afolo, wanda ya ɓulla a Gana a 1969, ba ya neman hanyar da ta fi wannan.

Malamanmu ma ba su yi shiru ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya la'anci mai ƙara wa wata gashi da wadda ake ƙara wa, kuma da yawa sun sa gashin ido a ƙarƙashinsa, ko da yake wasu sun sassauta in ba gashin mutum ba ne. Ga kuma batun alwala da wanka, in gam ya hana ruwa kaiwa fata. Wannan kowa ya tambayi malaminsa.

Na san iyayenmu mata za su ce ai ga kwalli nan, a koma masa a huta. Gaskiya ne tandun kwalli bai taɓa tsige wa kowa gashi ba, amma shi ma da nasa. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, wanda Yarabawa ke kira tiro, mafi yawansa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ga yadda dalmar haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Babba ta yi hattara, jariri kuwa a bar masa idonsa haka nan, don hannunsa daga ido sai baki.

Wadda ta ce ita dai sai ta sa, to ta zaɓi gajere marar nauyi, ta bar shi na ranar biki kaɗai. Ta nemi ganin kwalbar gam da idonta, ta duba lambar NAFDAC, ta ɗiga kaɗan a damtsenta kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, in wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi ta haƙura. Mai jere kada a kwana da shi, kada kuma a fizge. A jiƙa auduga da ɗan man zaitun a dafa a kai har gam ɗin ya saki. Na ɗaiɗaya a bar wa wadda ta iya ta cire. Kowane dare a wanke bakin fatar ido da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, a daina murza ido, kada a yi aron buroshi ko tsinken kwalli. Man da ake tallarsa wai yana tsirar da gashin ido cikin mako guda, kuɗin banza ne, gashi ba ya sauri don an shafa masa mai.

In kuwa tsautsayi ya sa gam ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti 15, kada a ɓamɓare fatar da ƙarfi in ta manne, kuma don Allah kada a ɗiga nono ko ruwan sukari ko na albasa. A nufi asibiti a ranar. Mutanen Ikko ga sashen ido na asibitin koyarwa a Idi-Araba, kusa da unguwar Hausawa. Na Sabon Badun ga UCH, na Anacha kuma akwai asibitin ido na Guinness. In a gida abin ya faru, akwai Asibitin Ido na Ƙasa a Kaduna da na ECWA a Sabon Garin Kano. A tafi da kwalbar gam ɗin a hannu, likita zai so ya gani.