WASAN TAKOBI: MAI RIGA SUKA BA LALLE SHI KE DA CI BA

Idan kaka ta yi aka buɗe filin dambe a Nguru ko Gashuwa, ba a cika jayayya kan kisa ba. Da zarar gwiwa ko hannun ɗan dambe ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, kowa ya gani da idonsa. Wasan takobi na Turawa kuwa, wanda aka yi gasarsa ta Afirka a Legas cikin 2025, sai alƙali ya yi fashin baƙi kafin a san mai ci.

Takubban iri uku ne. A biyu daga ciki, watau fulore da sabar, wanda ya fara kai hari shi ke da hanya. In abokin karawa ya kare da takobinsa, hanya ta koma hannunsa, kuma in ya rama nan take, ramuwarsa ce abin lissafi.

To, rigimar tana wajen maimaita hari. Dokokin ƙungiyar wasan ta duniya, wadda aka kafa a birnin Faris cikin 1913, sun ba shi suna uku da Faransanci. Remis shi ne mutum ya sake suka bai janye hannu ba. Rudubulman sabon hari ne kan wanda ya kare bai rama ba, ko ya ja da baya. Repiris kuwa sai an koma tsayuwar farko sa'an nan a sake afkawa. Mai remis yana iya riga taɓa jiki, fitilarsa ta kama, amma in ramuwa ta zo ba jinkiri kuma ta samu, alƙali mai ramuwa zai ba. In ya yi sanyin hannu, remis ta ci. Tsakanin nan take da jinkiri ƙiftawar ido ce, shi ya sa a manyan gasa ake komawa ga hoton bidiyo.

Takobi na uku, efe, ba ruwansa da hanya, amma bai tsira daga gardama ba. A wasannin Olamfik na Landan cikin 2012, Shin A-lam ta Koriya ta Kudu ta kara da Britta Heidemann ta Jamus. Saura daƙiƙa ɗaya rak, in ta ƙare Shin ce ta wuce wasan ƙarshe. Heidemann ta yi ta maimaita hari, agogo bai ƙare ba, har ta samu suka. Shin ta zauna kan dandamali wajen awa guda tana kuka, aka kuma yi watsi da ƙarar da Koriya ta ɗaukaka.