Sandar doya

Sandar doya itace ne, ko gora, ko kara, da manomi ke kafawa kusa da kunyar doya domin yaɗonta ya hau, ganyenta ya sami rana ya kuma rabu da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Aiki ne sananne a duk inda ake noman doya a Afirka ta Yamma, har da ƙasar Birnin Gwari da ke yammacin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Jihar Neja da ke maƙwabtaka da ita. Sandar da ke ƙara wa doya yabanya ita ce kuma ke miƙa ta ga iska. Saboda haka kafa sanda da tayar da ita bayan hadari ya kayar, kusan ilimi ɗaya ne a wurin manoma.

Ƙasar Birnin Gwari da yanayinta

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 6,185, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 252,363. Hausawa da Fulani da Gbagyi da Kamuku ne ke zaune a cikinta. Gwari suna ne da Hausawa ke kiran Gbagyi da shi, al'ummar da ta daɗe da yin suna wajen noman doya. Masara da dawa da shinkafa sun fi doya yawa a gonakin yankin, amma ruwan da ake samu, wanda yakan haura milimita 1,000 a shekara, ya ishi doya. Damina takan kankama a watan Mayu ta janye a Oktoba.

Farkon damina da ƙarshenta su ne lokutan iska. Hadari kan taso daga gabas ya nufi yamma, iska mai ƙarfi da ƙura na gabansa, ruwa na biye. Iskar ba ta daɗewa, sau da yawa ba ta kai rabin sa'a ba, amma a ɗan wannan lokaci take yaye kwanon ɗaki ta kwantar da danga. Ta farkon damina tana tarar da doya da ƙaramin yaɗo da sandar da ba ta gama zama ba. Ta watan Satumba da Oktoba tana tarar da sanda ɗauke da nauyin ganye, gara ta riga ta ci gindinta, ƙasa kuma ta yi laushi da ruwa.

Dalilin kafa sanda

Doya ba ta da kara mai tsayuwa da kansa. Yaɗonta yana fitowa daga irin da aka binne, ya yi ta lilo a iska har ya taɓa abin da zai nannaɗe. Abincin da ke taruwa ya zama doyar cikin ƙasa a ganye ake haɗa shi da hasken rana, don haka yawan ganyen da rana ke kaiwa gare shi shi ne ma'aunin girman doyar. Yaɗon da ya kwanta a ƙasa yana hawa kan juna, na sama ya rufe na ƙasa, ciyawa ta shige shi, noma ya yi wuya. Ɗigon ruwan sama kuma yana fantsamo ƙasa da ƙwayoyin cuta a kan ganye, musamman cutar da ke baƙanta ganye da yaɗo wadda masana ke kira antiraknos, wadda ta fi yi wa sakata illa.

Ba kowane manomi ke kafa sanda ba. A wuraren da rana ta wadata, itace kuma ya yi tsada, wasu kan bar doya ta yaɗu a ƙasa su haƙura da abin da ta bayar. A kudancin Najeriya, inda gajimare ke rufe rana, akan kafa dogayen sanduna da suka ninka tsawon mutum. Yankin Birnin Gwari yana tsakanin waɗannan biyu, sanda mai tsawon kimanin mita 2 ta isa.

Akwai wata ɗabi'ar doya da mai gyara ba zai yi watsi da ita ba. Farar doya, wadda a kimiyyance ake kira Dioscorea rotundata, da sakata, duk ta hannun dama suke nannaɗewa: wanda ya tsaya gaban sanda zai ga yaɗon na tashi daga hagu a ƙasa zuwa dama a sama. Doyar bisa tana bin ɗaya hannun. Idan aka naɗa yaɗo ta hannun da ba nasa ba, kan yaɗon zai warware da kansa ya faɗo.

Itacen sanda da kafa ta

Sanda mafi araha ita ce karan dawar bara. Idan doya ta biyo bayan dawa a gona, akan bar karan a tsaye ko a tanƙwara shi a ɗaure kawunansa, yaɗo ya bi. Kara ba ya jure gara da ruwa, kuma shi iska ke fara kayarwa. Gora ta fi shi ƙarko, ga sauƙin ɗauka, sai dai santsin jikinta kan sa yaɗo ya zame idan an sassaƙe gaɓoɓinta ƙwarai. Itacen daji mai kaushi da 'yan rassa ya fi duka riƙe yaɗo. Kirya tana cikin itatuwan da gara ba ta ci da sauri, shi ya sa ta dace da dirka.

Tsayuwar sanda a gindinta take. Akan haƙa rami da dagi a gefen kunya, ba a tsakiyarta ba, don kada a huda iri ko a tare wa sabuwar doya hanya. Sandar da aka soka a cikin tulin ƙasar kunya kaɗai ba ta kafu ba, domin ƙasar kunya sakakkiya ce, ruwa na farko zai sassauta ta. Sai gindin ya wuce zuwa ƙasa mai tauri, an mayar da ƙasa an daddanna. Wasu manoma kan ƙona gindin sanda sama-sama kafin binnewa domin rage cin gara.

Sanda ɗaya tilo ita ce mafi rauni. Idan aka karkato sanduna 3 ko 4 daga kunyoyi maƙwabta aka ɗaure kawunansu wuri ɗaya, kowace tana tokare 'yar'uwarta, ta ko'ina iska ta zo. Wata hanya ita ce a kafa dirka mai ƙarfi a bakin layi da ƙarshensa, da wasu a tsakani, a ja waya ko igiya a samansu, a sauko da zare zuwa kowace shuka. Wannan tana rage yawan itace sosai, amma tana da nata haɗarin: layin gaba ɗaya yakan zama kamar zana da aka shanya wa iska, kuma dirka ɗaya ta bakin layi idan ta tuge, sauran na bin ta. Don haka ake tokare dirkar ƙarshe daga ciki, ko a ɗaure ta da turke daga waje. Layin da ya miƙe daga gabas zuwa yamma yana ba iskar hadari gefensa siriri, wanda ya gitta daga kudu zuwa arewa kuwa ƙirji yake ba ta.

Tayar da doya bayan hadari

Abin da ake ceto bayan iska ba sandar ba ce. Sanda ana sake ta. Abin ceto shi ne ganye, da kuma mahaɗar yaɗo da kunya, domin doya sau da yawa yaɗo ɗaya ko biyu kacal take fitarwa daga iri, kuma duk abincin da ganye ya haɗa ta wannan siririyar hanya yake sauka. Reshe goma da suka karye a sama ba su kai tsinkewa ɗaya a gindi ɓarna ba.

Saboda haka aikin yakan fara da duba gindi kafin a taɓa komai. Idan yaɗon yana nan haɗe, ko da ya lanƙwashe ko ya ɗan tsage, shukar za ta rayu. Akan jira ruwa ya tsane, ganye ya ɗan sha iska, domin yaɗo mai cike da ruwa da sassafe ya fi saurin karyewa, kuma shiga cikin jiƙaƙƙen ganye yana yaɗa cuta daga shuka zuwa shuka. Amma jiran ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu. Bayan haka kan yaɗon zai juya ya nufi rana daga inda yake kwance, ya sarƙe da na maƙwabciyar kunya, ganyen da ke ƙasa ya fara rawaya yana ruɓewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gonar da aka bari mako guda, warware ta ya fi barin ta ɓarna.

Ɗagawa aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya tallafi nauyin ganyen, ɗaya ya ɗaga sandar, a hankali, ta hanyar da ta bi ta faɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan sanda daga kanta, nauyin ganye ya rinjayi gindi ya tsinke shi. Ba a zare yaɗo daga tsohuwar sanda ko da ta karye. Akan kafa sabuwa a gefenta, a sabon rami, a ɗaure tsohuwar a jikin sabuwar da yaɗonta duka. Tsohon rami ya riga ya buɗe, sandar da aka mayar cikinsa hadari na gaba take jira. Yaɗon farar doya yana da ƙaya, musamman wajen gindi, don haka masu aikin kan sa riga mai dogon hannu.

Abin ɗauri ya zama mai laushi: igiyar rama, ɓawon kalgo, kaba ko tsumma. Waya da zaren leda siriri suna yanka yaɗo idan iska ta kaɗa shi. Akan gitta igiyar tsakanin sanda da yaɗo, ta zagaya kowanne dabam, a ɗaure tamau a jikin sanda, a bar sako-sako a jikin yaɗo. Reshen da ya tsinke sarai ko ya ragargaje akan yanke shi da wuƙa mai kaifi kaɗan a saman gaɓa, domin daga gaɓar ne sabon toho ke fitowa, sannan a kwashe abin da aka yanke daga gonar. Kan yaɗon da ya rasa madafa akan naɗa shi sau biyu ko uku ta hannunsa na asali, ya ci gaba da kansa.

Daga nan sai kunya. Ruwan da ya biyo iska yakan zaizaye ta, saiwoyi su fito fili, wani lokaci har kan doyar. Saiwar doya ba ta nisa cikin ƙasa, kuma doyar da rana ta buga takan yi kore ko ta tsage ta ruɓe. Akan ja ƙasa da fartanya daga kwari a rufe, ba tare da sara kusa da gindi ba.

Inda yaɗo ya tsinke daga gindi, sakamakon ya danganta da lokaci. A farkon damina irin da ke ƙasa yana iya sake toho, sai dai ya rasa makonni, doyarsa kuma za ta yi ƙanƙanta. Irin wannan takan dace da ajiyar iri. A ƙarshen damina, lokacin da doya ta riga ta yi girma, ba abin da ya rage sai a haƙe ta kafin ta lalace. Akwai kuma lokacin da barin gona ya fi: idan girbi ya kusa, ganye ya fara bushewa da kansa, tayar da sanda wahala ce da ba za ta ƙara komai ba.

Wasu tsire-tsire masu hawa

Ka'idar ɗaya ce ga soso da duma da ke hawa danga ko rumfa a gidaje, sai dai su da 'yan zaruruwa suke kamawa, kuma zaren da ya saki ba ya sake kamawa, sai an ɗaure reshen har sabo ya fito. Haka inabi, wanda ake nomawa a Ƙaramar Hukumar Kudan kusa da Zariya a kan dirkoki da waya. Furen wardi mai hawa, da ake ƙawata bango da shi a Ingila da Faransa da ƙasashen Larabawa, ba ya nannaɗewa kuma ba shi da zare, ƙayarsa kaɗai ke maƙalewa. Dole a ɗaure kowane reshe. Masu lambu kan rage masa dogayen rassa kafin lokacin iska don kada jijjiga ta sassauta saiwarsa, kuma bayan ɓarna ana iya yi masa sara mai yawa ya sake fitowa, domin itace ne mai shekaru. Doya damina ɗaya gare ta.

Sanda da daji

Idan aka shuka doya da tazarar mita ɗaya ta kowane gefe, hekta guda tana ɗaukar shuka 10,000. Ko da shuka huɗu za su haɗu a sanda ɗaya, ana bukatar sanda 2,500, kuma akasarinsu matasan itatuwa ne da ba su kai ga yin iri ba. Najeriya ita ce ke noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya, don haka saran sanda yana cikin abubuwan da ke rage daji a yankunan doya. Wannan ne ya sa Cibiyar Binciken Noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike suka yi aiki a kan hanyar waya da zare, da kuma shuka itatuwa masu saurin girma irin su Gliricidia don a riƙa samun sanda a gona.

A Birnin Gwari babban dajin shi ne na Kamuku, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, wanda aka keɓe a 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Yana haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, kuma doka da baushe da taura da maje da ɗorawa da kirya suna cikin itatuwansa. Dokar gandun daji ta hana sara a cikinsa ba da izini ba, don haka daga saura da bakin rafi da dajin da ke wajen iyaka ake samo sanda.

Shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan yankin sun taɓa wannan aiki ta fuska biyu. Shiga daji neman itace ya zama kasada da rai, kuma manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa ko sun biya haraji kafin a bar su su je. Masara tana iya jiran mai ita na wasu makonni. Doyar da iska ta kayar ba ta jira. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sanar da sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka kuma sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe.

Inda itace ya yi wuya, manoma kan tuge sandunansu bayan girbi, su yanke gindin da ya ruɓe, su jera su a kan dutse ko a reshen bishiya nesa da gara. Sandar itace mai ƙarfi da aka adana haka takan ƙara damina ɗaya ko biyu, tana gajarcewa a kowace shekara.